Daga 2go zuwa Telegram: Ƙalubalen gina wasan rubutu zalla da Hausa a Kaduna

Duk wanda ya yi samartaka a Kawo ko Unguwar Rimi ko Tudun Wadan Kaduna tsakanin 2010 da 2013, da wuya ya manta da 2go.

Da ƙaramar Nokia mai madannai, matasa kan raba dare a ɗakunan hira na wannan manhaja da aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu. Wasu har sukan bar waya a kunne su yi barci, don tauraronsu ya hau zuwa matakin Master.

Ɗakuna, sunayen aro, matakan girma da gasa tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, duk kayan haɗin wani nau'in wasan intanet ne da ya girmi 2go da kusan shekara 30. Labari kawai ya rage a zuba.

A 1978 ne wani ɗalibi a Jami'ar Essex da ke Ingila, Roy Trubshaw, ya fara rubuta wasan da ya kira MUD, daga baya abokinsa Richard Bartle ya karɓa ya faɗaɗa shi. Babu hoto ko ɗaya. Kwamfuta za ta rubuto wa mutum inda yake da abin da ke gabansa, shi kuma ya rubuta abin da zai yi. Armashin shi ne mutane da yawa suna cikin duniyar a lokaci guda. Idan wani ya riga ka ɗauke fitila, to ta tafi ke nan.

Abin da ya sa ya dace da Kaduna

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Kafin nan, a Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda a duhu, bayan lalata layin lantarkin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando.

Wasanni masu hoto irin su PUBG suna son waya mai ƙarfi, suna shan data da caji. Rubutu kuwa bai da nauyi, ko sabis na rawa saƙo zai lallaɓa ya isa.

Kayan aikin ma kyauta ne. Akwai Evennia, wani tubali da aka tanada don gina irin wannan wasa da yaren kwamfuta na Python. Telegram kuma tun 2015 ta ba masu ƙirƙira damar kafa bot, wato manhajar da ke amsa saƙo da kanta a cikin guruf. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ba ya buƙatar mai zane ko mai kiɗa kafin ya fara.

Taswira ma tana bakin ƙofa. Kowane wuri ɗaki ne da aka bayyana da jimla biyu ko uku: ɗan wasa ya tashi daga tashar Kawo, ya rubuta "kudu", ya bi titin Ali Akilu da na Ahmadu Bello zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko ya gangara Gamji Gate inda tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru take.

Inda gizo ke saƙar

Wahalar tana farawa ne daga lokacin da ɗan wasa ya rubuta umarni da Hausa.

A Turanci kalmar aiki ɗaya ta wadatar wajen ba da umarni. A Hausa kuwa aikatau kan sauya ƙarshensa gwargwadon abin da ya biyo baya: "ɗauki sanda", "ɗauke ta", "ɗauka". Haka "sayi goro", "saye shi", "saya". Dole mai gina wasan ya koya wa manhajar cewa duk ukun abu ɗaya ake nufi, sannan ta tuna cewa "ta" ɗin nan sandar da aka ambata ɗazu ce.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. Mutane da yawa ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya, ko da madannansu na da su. "Kare" zai iya zama dabba ko "ƙare", "baki" zai iya zama "baƙi". Ko an sa lanƙwasar ma ba a tsira ba, tunda ba a rubuta tsawon wasali: "gari" na zuwa daban, "gari" na tuwo daban. Idan manhaja ta nace sai an rubuta daidai, 'yan wasa za su watse tun a ɗakin farko. Wanda ya saba rubuta "xan" a madadin "zan", da "ngd" da "ykk", ba zai canza hali saboda wasa ba.

Wannan aikin masanin harshe ne da marubuci fiye da na mai kwamfuta. Marubutan kuma ba nesa suke ba. Mata da dama na sakin littattafai shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na tura kuɗi ta banki don a saka su a guruf. Sun riga sun san yadda ake sa mutum ya dawo gobe.

Mutane ne matsalar ƙarshe

A 1996 Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman matsayi, masu son leƙa kowane lungu, masu zuwa don hira, da masu jin daɗin cin zalin wasu. Ya nuna cewa idan kashin ƙarshe ya yi yawa, masu hira ne ke fara guduwa.

An ga hakan a LambdaMOO, wani wasan rubutu na Amurka, inda a 1993 mutum ɗaya ya ci zarafin wasu 'yan wasa ta hanyar jingina musu munanan ayyuka a bainar jama'a. An goge shi daga wasan, daga baya aka shigo da tsarin ƙuri'a don yanke hukunci.

A Kaduna lamarin ya fi haka nauyi. Rikicin 2000 da na 2002 sun sauya inda mutane ke zama, har kogin ya koma tamkar iyaka tsakanin al'ummomin birnin. Abu mafi sauƙi ga mai tsara wasa shi ne ya raba 'yan wasa zuwa rundunar wannan gaɓa da ta waccan, domin gasa ce ke riƙe jama'a. Shi ne kuma mafi haɗari, tunda zagin da aka yi da sunan aro da daddare, hotonsa na iya karaɗe gurufan unguwa kafin asuba.

Don haka tun kafin a rubuta ɗakin farko, sai an yanke wane ne zai sa ido, wane laifi ne ke jawo kora, kuma wa zai kasance a farke da ƙarfe biyun dare lokacin da rigima ta ɓarke.