Noman Tumatir A Ruwan Taki: Tsakanin Nauyi Da Zaƙi

Manomin da ke noman tumatir ba tare da ƙasa ba, wato a cikin ruwan da aka narkar da taki, yana da shawara guda da zai yanke kullum: wane irin ƙarfi zai ba ruwan? A kan wannan shawara ce ribarsa ko asararsa ta rataya.

Tun a shekarar 1938 masana biyu na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, Hoagland da Arnon, suka wallafa haɗin sinadaran da tsiro ke buƙata a cikin ruwa. Ana gane ƙarfin haɗin ne da na'urar da ke gwada yadda ruwan ke ɗaukar lantarki, ma'aunin da ake kira EC. Gwargwadon yawan takin, gwargwadon hawan lambar. Akasarin masu noman tumatir kan riƙe ta tsakanin 2 da 3.5.

Idan ruwan ya yi sassauci, 'ya'yan kan yi girma da nauyi, amma su yi lami. Idan kuwa aka ƙara masa ƙarfi, saiwa kan sha wuyar zuƙar ruwa, 'ya'yan su ƙanƙance, sai dai sukari da tsami kan taru a cikinsu, ɗanɗano ya inganta. Da wannan dabara wasu manoman Japan ke samar da tumatir mai zaƙin da ya kai 8 a ma'aunin Biriks, alhali na yau da kullum bai cika wuce 4 zuwa 6 ba, kuma suna sayar da shi da tsada.

Sai dai abin yana da haɗari. Ruwa mai ƙarfi kan hana sinadarin kalsiyam isa ga 'ya'yan, sai gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. A lokacin zafi kuma tsiro kan sha ruwa da yawa ya bar gishirin takin ya taru a saiwa, don haka akan sassauta haɗin idan rana ta ƙwalle.

A nan lissafin kasuwa ke shigowa. A kasuwar Mile 12 ta Legas da kwando ake ciniki, kuma girma da ƙwarin tumatir mai saye ke dubawa. Manomin da ya sadaukar da nauyi domin zaƙi ba zai mai da kuɗinsa ba, sai idan yana da otal ko babban kanti da zai biya shi bambancin. Saboda haka kafin ya auna taki, wajibi ne ya san wanda zai saya.