Yadda Tao da Chan Suka Koya wa Mawaƙan Sin Taƙaita Magana

A shekarar 1705 Sarki Kangxi ya ba da umarnin a tattara waƙoƙin daular Tang, wadda ta mulki ƙasar Sin daga 618 zuwa 907. Kundin da aka samar ya ƙunshi waƙoƙi kusan 49,000 na mawaƙa sama da 2,000. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi yin fice ba su wuce ɗango huɗu ba, kowane ɗango da harafi biyar ko bakwai. Abin da ya ba waɗannan gajerun waƙoƙi zurfi shi ne tasirin tafarki biyu: Tao, da kuma Chan, reshen addinin Buddha da Japanawa ke kira Zen.

Mafi yawan mawaƙan nan ma'aikatan hukuma ne da suka tashi kan koyarwar Confucius ta ladabi da hidimar sarki. Idan fada ta juya musu baya, ko makircinta ya ishe su, sai su koma ga littattafan Tao na Laozi da Zhuangzi, waɗanda ke koyar da cewa gaskiya ta fi ƙarfin harshe, kuma kwanciyar hankali tana ga bin tsarin halitta ba tare da tilastawa ba. Tao Yuanming ne ya share wannan hanya tun kafin zamanin Tang. A 405 ya ajiye muƙamin hakimin Pengze bayan kwana tamanin da 'yan kai, ya koma gona har ya rasu a 427. Waƙoƙinsa na noma ne da furanni da talauci, cikin harshe marar ado. Shi kuwa Li Bai, wanda ya rayu daga 701 zuwa 762, sai da aka yi masa bikin shiga tafarkin Tao, waƙarsa kuma cike take da wata da duwatsu da ƙin ƙaidi.

Chan ta ƙara da nata. Malamanta, irin su Huineng da ya rasu a 713, sun nace cewa buɗewar zuciya ba a tarin karatu take ba, tana zuwa ne idan mutum ya natsu ya ga abu yadda yake. Babu wanda ya shigar da wannan cikin waƙa kamar Wang Wei, babban jami'in fada, mai zane, wanda mahaifiyarsa ta yi almajiranci wurin malamin Chan mai suna Puji. A gidan gonarsa na Wangchuan, kudu da babban birni Chang'an, shi da abokinsa Pei Di suka zaɓi wurare ashirin, kowannensu ya yi wa kowane wuri waƙa mai harafi ashirin kacal. A mafi shahararsu, ta wurin barewa, mawaƙin bai ambaci kansa ba, bai faɗi abin da ke ransa ba, bai kuma yi wa'azi ba. Daji ya nuna da sautin da ke cikinsa da hasken yamma, ya tsaya a nan. Tsohon Sinanci ya taimaka masa, domin jumla tana iya tsayuwa ba tare da wakilin suna ko alamar lokaci ba, don haka mai karatu ne ke shiga gurbin mai kallo.

A ƙarni na 13 manazarci Yan Yu ya kammala hujjar a littafinsa Canglang Shihua, inda ya daidaita gwanintar waƙa da buɗewar zuciya irin ta Chan, ya fifita mawaƙan lokacin da daular Tang take ganiyarta a kan masu cusa ilimi da muhawara cikin baiti.

Wannan gado ya cancanci kulawar duk mai riƙe da alƙalami. Ya kamata matasanmu da ke koyon Sinanci su ɗauki nauyin juyo waɗannan waƙoƙi zuwa Hausa kai tsaye daga asalinsu, domin marubutanmu su ga yadda magana kaɗan ke ɗaukar ma'ana mai yawa.