Ko Kun Sani? Inda Kwaɗi Ke Shiga da Rani

Ko kun san cewa kwaɗin da ke cika fadamun Shinkafi da Zurmi da kuka a daren ruwan farko ba daga sama suka faɗo ba, kuma ba daga nesa suka zo ba? Da yawansu a cikin ƙasa suka yi rani, a binne da ransu.

Burduddugi shi ne gwani a wannan fanni. Da zarar tafki ya fara ƙafewa bayan damina, sai ya haƙa laka da baya da baya, da wani tsiro mai tauri da ke ƙafafunsa na baya, wanda ke aiki kamar hauya. Idan ya nutse, sai ya riƙa saɓa fata bisa fata har ta zama kwanson da ya rufe shi, ban da ƙofofin hanci. Numfashinsa ya ragu, ya daina ci, ya dogara da kitsen jikinsa da ruwan da ya tara a mafitsara. Haka zai kwana wata 6 zuwa 7.

Dalilin wannan ɓuya kuwa shi ne kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake tsotsarsa, ta fata kuma yake rasa shi, don haka iskar hunturu da zafin bazara na iya busar da shi.

Ruwa na jiƙa ƙasa sai kwanson ya yi laushi, kwaɗon ya fito ya nufi kududdufi don hayayyafa. Ƙwan da aka saka kan zama talibambam, ya rikiɗe ya zama ƙaramin kwaɗo cikin kimanin wata guda.