Girmama Kakanni da Aƙidar Katolika: Darasi daga Ƙasar Zayar

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba wata tambaya da ta daɗe tana ci wa ɗarikar Katolika tuwo a ƙwarya, wato shin girmama kakanni bauta ce, ko kuwa ladabi ne na ɗa ga mahaifi? Za mu ɗauki misalin ƙasar Zayar, wadda ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango tun 1997.

2.0 Asalin Matsalar

Tambayar ba a Afirka ta fara ba. A ƙasar Sin, Fafaroma ya hana mabiya bukukuwan kakanni a 1715, aka ƙarfafa hanin a 1742, ba a sassauta ba sai 1939. Hukunci ne da aka yanke daga nesa, masu al'adar kuwa ba su da ta cewa. Babban Taron Batikan na Biyu (1962-1965) ne ya buɗe ƙofa, inda ya yarda a shigar da al'adar jama'a cikin sujada muddin ba ta saɓa wa aƙida ba.

3.0 Muhawarar Zayar

Bishop-bishop na ƙasar sun fara aikin a 1969, Kadinal Joseph Malula na Kinshasa yana cikin jagororinsu. Suna tsakanin wuta biyu. Gwamnatin Mobutu ta hana sunayen Kirista a 1972 da sunan komawa ga asali, hukumomin Roma kuma suna tsoron a gauraya addini da tsafi. Ba a yi gaggawa ba. Aka yi ta kai da kawowa har 1988, sa'ad da Roma ta amince da tsarin.

A tsarin, ana kiran kakanni masu zuciyar kirki tare da tsarkaka a farkon sujada, amma Allah kaɗai ake bauta wa. Jama'a suna rausaya da kiɗa, kuma a zaune suke sauraren Linjila, yadda ake sauraren saƙon babba. Fafaroma Francis da kansa ya yi sujada da wannan tsari a Roma a 2019.

4.0 Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, kowane ɓangare ya sassauta. Roma ta karɓi kiran kakanni, 'yan Zayar kuma suka yarda a taƙaita shi ga na kirki. Shekara 19 ta sauraren juna ta warware abin da hani na shekara fiye da 200 ya kasa.