Gargaɗi Ga Mafarauta: Barewa Na Ƙarewa, A Janye Wuta Daga Daji

Jama'a, kaka ta yi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ciyawa ta bushe. Yanzu ne ake buga gangar gayyar farauta, yanzu ne kuma ake yi wa daji ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wannan kira ne na gaggawa ga mafarauta, sarakunan baka, dagatai da masu unguwanni, daga dazuzzukan Falgore da Yankari har zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi.

A daina cinna wa daji wuta don a koro gafiya ko zomo. Wutar hunturu ba ta da linzami. Takan cinye ciyawar da barewa da gada ke ɓoye 'ya'yansu a ciki, ta lashe ƙwan fakara, sannan ta tsallaka gona ta haɗa da harawa, da kara, da damman dawar da ba a kai ga kwashewa ba. Makiyayi ya wayi gari babu abin da shanunsa za su ci har faɗuwar damina, sai ya doshi gonar wani. Rigima da yawa daga nan take tashi. Duk wannan saboda naman da bai cika tukunya ba!

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne farautar dare da tocila, da kuma bin dabba a kan babur ko mota har ta faɗi don gajiya. Wannan ba jarunta ba ce, kuma ba ita iyayenmu suka bar mana ba. Barewa takan yi kusan wata shida da ciki, kuma galibi ɗa guda take haifa. Wanda ya harbi mace mai ciki ko mai shayarwa, rai biyu ya kashe, ya kuma yanke duk zuri'ar da za ta biyo baya.

Kada wani ya ce daji ba ya ƙarewa. Ina mariri? Dā garke-garke yake yawo a arewacin Nijar da Chadi. A shekarar 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa babu sauran ko guda a daji. Sai a 2016 aka ɗauko wasu daga Abu Dhabi a jirgin sama aka sake su a Chadi, da kuɗi masu yawan gaske. Wa zai ɗauko mana barewa in tamu ta ƙare?

Gyara kuwa mai yiwuwa ne. A Amurka, wajen shekarar 1900, farauta ba ƙaidi ta rage barewarsu mai farar wutsiya zuwa kimanin rabin miliyan. Suka sa lokacin buɗe farauta da na rufewa, suka ƙayyade adadin da mutum zai harba, a 1937 kuma suka yi dokar da ke karkata harajin bindiga da harsashi zuwa kula da daji. Yau ana ƙiyasta sun kai miliyan 30, kuma har gobe ana farautarsu.

Don haka manomi ya bar kurmi da bakin fadama yadda suke, kada a sare komai a mai da shi gawayi. A share layin tare wuta kewaye da gonaki da makiyaya tun yanzu. A kwance tarkon waya, domin ba ya bambance mace da namiji. Kada a shiga gandun dajin gwamnati da makami, laifi ne a dokar Najeriya da ta Nijar.

Sarkin baka, kai ake ji. Ka tara yaranka kafin fita ta gaba, ka gaya musu: ba wuta, ba tocila, ba a taɓa mace mai ciki. Wanda kuma ya hango hayaƙi a daji, ya sanar da mai unguwa ko ma'aikatan gandun daji nan take.