Makullin Da Ba A Iya Sakewa

A zamanin iyayenmu, in baƙo ya sauka a gari, dattawa sukan dubi fuskarsa su san inda ya fito. Tsagar da wanzami ya yi masa tun yana jariri ita ce shaidarsa. Yau tsaga ta ragu ƙwarai, amma har yanzu jikin mutum ne yake ba da shaidarsa, sai dai na'ura ce take dubawa. Mun dangwala yatsa a banki, mun dangwala a rumfar zaɓe, mun tsaya an ɗauki hoton fuskarmu. Ya kamata mu san abin da muka bayar, da inda ya tafi.

Bari mu fara da yatsan kansa. Zanen da ke bisa yatsa yakan fito tun yaro yana cikin uwarsa, kuma fasalinsa ba ya sakewa har tsufa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, zanensu dabam ne. A shekarar 1858 wani ma'aikacin mulkin Ingila a Indiya, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya buga tafin hannunsa a kan takardar alkawari, domin kada ya yi musu daga baya. A 1892 kuwa 'yan sandan Ajantina suka gane wata mata da ta kashe 'ya'yanta biyu ta wurin zanen yatsanta da ya rage cikin jini.

A Nijeriya abin ya shigo gidajenmu da kaɗan kaɗan. Dokar 2007 ta kafa hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Mai yin rajista yakan ba da zanen yatsunsa goma da hoton fuskarsa. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN. A babban zaɓen 2023 kuma na'urar BVAS ce ta duba yatsa ko fuskar mai zaɓe. Amfanin wannan a fili yake. Yana hana mutum ɗaya karɓar albashi da suna biyu, yana kuma wahalar da mai son cin kuɗin wani da sunansa.

Amma na'ura takan yi kuskure. Ranar zaɓen 28 ga Maris 2015, na'urar da ke rumfar Otuoke ta kāsa tantance Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan, sai da hannu aka tantance shi. In haka ta sami shugaba, ina ga manomin da fartanya ta cinye masa zanen yatsa? Magina, da masu wanki, da tsofaffi sukan sha wannan wahala. Akwai kuma 'yan'uwanmu waɗanda kuturta ko haɗari ya raba su da yatsunsu. Bai kamata a kori irinsu daga hakkinsu domin na'ura ta ƙi su ba. In ka raka tsohuwarka banki abin ya faskara, kada ku juya gida. Ku nemi ganin babban ma'aikaci, ku tambayi wace hanya aka tanada domin irin wannan.

Ga kuma haɗari mafi girma. In ɓarawo ya sace makullin ɗakinka, kakan sayi sabon kwaɗo. In ya san lambar sirrin katinka, banki zai ba ka wata. To, in aka sace zanen yatsanka daga kwamfutar da aka ajiye shi fa? Guda goma ke nan gare ka, ba wanda zai ƙara maka. Wannan ya taɓa faruwa. A 2015 gwamnatin Amurka ta bayyana cewa ɓarayin intanet sun kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin da ke kula da ma'aikatanta.

Saboda haka ne kotuna da majalisu suka sa baki. A 2017 Kotun Ƙoli ta Indiya ta yanke cewa sirrin mutum babban hakki ne da tsarin mulki ya kare. A nan gida, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sa zanen yatsa da kamannin fuska cikin bayanan da ake tsare su da kulawa ta musamman. Bisa ga dokar nan kana da iko ka tambayi dalilin da ake karɓar bayananka, ka ga abin da aka rubuta a kanka, ka sa a gyara kuskure. Inda ake bukatar yarda, ba a karɓar na yaron da bai kai shekara 18 ba sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa. Wanda aka cuta yana iya kai ƙara wurin hukumar NDPC.

Amma doka ba za ta tsaya a ƙofar gidanka ta yi gadi ba. In wani ya zo unguwa da na'ura yana cewa za a raba tallafi, ku tambaye shi wanda ya aiko shi kafin kowa ya miƙa hannu. Kada ku faɗa wa mai kira a waya lambar BVN ko NIN, ko da ya ce daga banki yake. Kada ku yi wa wani rajistar layi da yatsanku, gama in ya yi mugun aiki da layin, ku za a nema. Iyaye, mu zauna da yaranmu da tsofaffinmu mu faɗa musu waɗannan abubuwa, tun ba su miƙa yatsa inda bai kamata ba.