Kashi 60 Ba Makin Jarrabawa Ba Ne: Abin da MRI Ke Gani a Zuciya

A watan Yulin 2025 wani mutum mai shekara 61 ya shiga ɗakin na'urar MRI a jihar New York ta Amurka da wata ƙatuwar sarƙar ƙarfe a wuya. Na'urar ta fizge shi, washegari ya rasu. Labarin ya zaga duniya, ya kuma ƙara wa masu tsoron na'urar hujja, har da masu cewa tana sa ciwon daji. Ba ta yi. MRI ba ta harba irin hasken da na'urar hoton ƙashi ke harbawa. Aikinta da maganaɗisu ne da igiyar rediyo, kuma maganaɗisun ne ya ja sarƙar, domin na irin wadda aka fi amfani da ita a asibitoci ya ninka na doron ƙasa kusan sau 30,000, kuma a kunne yake dare da rana. Shi ya sa ake tsare mutum a ƙofa da tambayar makulli, wuƙa, ko ƙarfen da aka taɓa dasa masa a jiki.

Amma akwai wata rashin fahimta da ta fi wannan ɓarna, kuma ba a cika maganarta ba. Mutum zai fito daga gwajin hoton zuciya da ake kira eko da takarda a hannu, ya ga an rubuta kashi 60, sai hankalinsa ya tashi wai saura kaɗan zuciyarsa ta kai rabi. Wani kuma, likita zai ce masa lambar ta yi daidai, sai ya watsar da maganin hawan jini, alhali haki na hana shi hawa bene. Dukkansu sun ɗauki lambar kamar makin jarrabawa. Abin da take nufi kawai shi ne yawan jinin da babban ɗakin hagu na zuciya ke turawa a bugu ɗaya daga abin da ya cika shi, kuma zuciya mai lafiya ba ta taɓa juye shi duka: tsakanin kashi 55 da 70 take turawa. Sannan kusan rabin masu fama da gazawar zuciya lambarsu ba ta faɗi ba.

Ta yaya zuciya za ta gaza lamba kuma ta yi kyau? Zuciya ba famfon keke ba ce. Murɗawa take yi, kamar yadda mai wanki ke matse zani, tsininta na ƙasa ya juya gefe guda, samanta ya juya ɗaya gefen, a lokaci guda tana gajarcewa tana kuma tsukewa. Zaren tsokar da ke can ciki a tsaye yake, na tsakiya kuma ya zagaye ta kamar ɗamara. Hawan jini da ciwon suga sukan fara raunana na cikin, sai na tsakiyar ya ɗauke masa nauyi. Shanun huɗa biyu ne, ɗaya na ɗingishi, ɗayan na ja da ƙarfin biyu: wanda ya zo da yamma ya ƙirga kunya zai ce aiki ya yi. 'Yan dako uku ne da buhu, ɗaya ya saki hannu, buhun dai ya isa rumfa. Lambar kashi 60 buhun take gani a rumfa, ba ta ganin wanda ya saki.

Nan MRI ta shigo. A 1988 Elias Zerhouni, likita haifaffen Aljeriya da ke aiki a Jami'ar Johns Hopkins, shi da abokan aikinsa suka nuna yadda za a shata layuka a kan tsokar zuciya da igiyar rediyo kaɗai, ba wuƙa ba allura. Shekara guda bayan haka Leon Axel da Lawrence Dougherty na Jami'ar Pennsylvania suka mayar da layukan raga. Kamar tela ne ya zana alli a kan yadi mai talewa, sannan ya zuba ido ya ga inda ya miƙe da inda ya tattare. Ragar na lanƙwashewa da kowane bugu, kwamfuta ta auna. Tsoka mai lafiya na gajarcewa da kusan kashi 20 na tsawonta, wato goma ta koma takwas. Wurin da ya tsaya a tara da rabi yana da matsala, ko da maƙwabtansa sun rufa masa asiri.

A 2000 kuma Raymond Kim da Robert Judd da tawagarsu suka nuna cewa allurar sinadarin gadoliniyom na sa tabon zuciya ya fito fari fat a hoto. Da haka ake rarrabe tsokar da ta mutu da wadda ta galabaita kawai, wadda buɗe jijiya zai iya farfaɗo da ita. Ana kauce wa allurar ga mai juna biyu, ana kuma taka-tsantsan da mai ciwon ƙoda.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka rubuta yawan gazawar zuciya ga masu jego a Zariya, suka zargi kunun kanwa da gashin jego. Wani bincike a Sakkwato ya samu kusan mace ɗaya a haihuwa ɗari. Daga baya aikin Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya karkata hankali ga ƙarancin sinadarin seleniyom da talauci. Eko ke gano wannan ciwo, amma tambayar ko akwai tabo a zuciyar mai jegon, MRI ce ta fi amsa ta.

Sai dai na'urar ba ta zama da bikin yanke ƙyalle kawai. Maganaɗisunta na kwance ne cikin ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, yana son wuta ba yankewa, da injiniya, da likitan da ya koyi karanta hoton zuciya. Jami'an da ke sayo ta sukan manta da sa waɗannan a kasafi. Abin takaicin ma shi ne yanzu na'urorin eko na zamani suna iya auna gajarcewar tsokar, da kuɗi ƙasa da na MRI nesa ba kusa ba, in an saya musu manhajar aka kuma horar da mai riƙe su.